Ko Ka Sani? Farin Jinin Bidiyo Shi Ke Durƙusar da Ƙaramar Sabar

Ko ka san cewa ajiye bidiyo a intanet ba ya cin kuɗi kamar kai shi ga masu kallo? Duk bidiyon da ka buɗe a wayarka yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda ake kira sabar. Aikinta uku: ta ajiye, ta sarrafa, ta aika. Na ukun ne ke zubar da gumin mai ita.

Mu yi lissafi. Bidiyo mai hoto tangaran, irin na 1080, yana shan kamar megabit 5 a kowace daƙiƙa, wato gigabait 2.25 a awa ɗaya. A farashin da kamfanin Amazon ya daɗe yana sa wa rumbunsa na ajiya, gigabait ɗaya bai kai senti 3 a wata ba, amma fitar da shi zuwa ga mai kallo kusan senti 9 ne. Ke nan ajiye irin wannan bidiyo na awa ɗaya wata guda cur kusan senti 5 ne, amma mutum ɗaya ya kalle shi daga farko har ƙarshe, senti 20 sun tafi. In mutum 1,000 suka kalla, an doshi dala 200. Akwai kamfanonin da suka fi haka sauƙi nesa ba kusa ba, irin su Hetzner na Jamus, amma ko an samu rangwame, layin da sabar ke fitar da data yana da iyaka. Layi mai gigabit ɗaya mutum 200 kawai zai iya ɗauka a lokaci guda kafin hoto ya fara tsayawa yana juyi.

Haka kuma ba kwafi ɗaya ake ajiyewa ba. Da zarar an ɗora bidiyo, sabar za ta sake sarrafa shi zuwa 720, 480, 360, har ƙasa da haka, domin mai raunin netiwok ma ya samu ya kalla. Wannan aiki yana gasa injin kwamfuta, kuma kowane kwafi da nasa wurin a rumbu.

YouTube, inda ake ɗora bidiyon sama da awa 500 a kowane minti, yana biyan wannan da kuɗin talla, kuma Google, mai YouTube ɗin, na girka nasa injinan a cikin cibiyoyin kamfanonin sadarwa na ƙasashe don bidiyo ya zo daga kusa. Wanda ba shi da wannan ƙarfi yakan sha wuya. Dandalin Vidme na Amurka ya rufe a Disambar 2017, kuma tsadar ajiya da aikawa na cikin dalilan da masu shi suka bayar.

To, ina ga dandalin da ba kamfani ɗaya ke riƙe da shi ba? A Mastodon, wanda Eugen Rochko ya fara a Jamus a 2016, kowa na iya kafa sabarsa, sabobin kuma su riƙa magana da juna. Sai dai in wani ya ɗora bidiyo a wata sabar, duk sabar da ke da mabiyinsa takan sauke kwafi ta ajiye. Malamin makaranta da ya kafa ƙaramar sabar don abokansa hamsin sai ya wayi gari rumbunsa ya cika maƙil da kayan mutanen da bai taɓa sani ba. Shi ya sa masu kula da sabobin ke share tsofaffin kwafi a kai a kai, manhajar kuma ta sa iyaka ga girman bidiyon da za a ɗora.

PeerTube ya bi wata hanya dabam. Ƙungiyar Framasoft ta Faransa, wadda ba ta neman riba, ita ta ɗauki nauyinsa, aka fitar da cikakkiyar sigarsa ta farko a Oktoban 2018 bayan jama'a sun tara gudummawar sama da yuro 50,000. A nan sabobi sunan bidiyo da bayaninsa kawai suke yaɗawa, shi kuwa yana nan inda aka ɗora shi. Hikimar tana wajen kallo: ana yanka bidiyon gunduwa-gunduwa, in mutane da yawa na kallonsa a lokaci ɗaya, na'urar wanda ya riga ya samu gunduwa sai ta miƙa wa na bayansa. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Cunkoson da zai kayar da sabar sai ya zama mai rage mata kaya. Wata sabar ma na iya sa kai ta ajiye kwafin bidiyon maƙwabciyarta don ta taya ta rabawa.

Dabarar na da iyakarta. Tsohon bidiyon da mutum ɗaya ke kallo da tsakar dare, sabar ce kaɗai za ta ɗauke shi. Mai kallo da datar waya kuma ya sani cewa abin da na'urarsa ke miƙa wa wasu daga datarsa yake fita, kuma sauran masu kallo na iya ganin lambar da na'urarsa ke shiga intanet da ita. Saboda haka aka ba kowa damar kashe wannan tsari.

Waɗannan dandali suna da daraja, domin suna ba malamai, ƙungiyoyi da masu fasaha wurin ajiye aikinsu ba tare da talla ko tsoron wani kamfani ya goge shi dare ɗaya ba. Amma kowane ƙarshen wata akwai wanda ke biyan kuɗin injin, galibi daga aljihunsa ko daga ɗan abin da masu amfani suka tara. Mai ɗora wa'azi ko darasi zai taimaka ƙwarai in ya wadatu da 720 maimakon 4K, mai kallo da ke kan wayifai ya bar rabawa a kunne, wanda kuma ke da hali ya sa hannu a asusun sabar da yake amfani da ita.