Amfani da Manhajar Harhaɗawa Wajen Gina Ƙamusun Intanet

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda manhajar harhaɗawa ke aiki, da irin amfaninta ga manazarcin da ke son ɗora ƙamus a intanet. Abin da ake nufi da manhajar harhaɗawa shi ne manhajar da ke ɗaukar ɗanyen aiki, kamar jerin kalmomi da ma'anoninsu, ta sarrafa shi mataki-mataki har ya zama shafukan da mai karatu zai buɗe, ba tare da an bi kowane mataki da hannu ba.

2.0 Asali da Yadda Take Aiki

Fitacciya daga cikin na farko ita ce Make, wadda Stuart Feldman ya ƙirƙiro a Bell Labs ta Amurka a 1976. Daga baya aka sami Apache Ant a 2000, da Maven a 2004, sannan Grunt a 2012 domin ayyukan intanet.

A tsarin Make, ana rubuta dokoki a fayil mai suna Makefile. Kowace doka tana da sassa uku: abin da ake son samarwa, da abubuwan da ya dogara a kansu, da umarnin samar da shi. Wannan ba baƙo ba ne ga masanin nahawu, domin ya yi kama da dokar da ke cewa jimla ta ƙunshi yankin suna da yankin aiki, kowane yanki kuma da tasa dokar. Manhajar kan duba lokacin da aka taɓa kowane fayil. Idan jerin kalmomin ya fi shafin sabunta, sai ta sake gina shafin. In ba haka ba, ta ƙyale shi.

3.0 Misali Daga Hausa

A tsarin Unicode, lambobin ɓ da ɗ da ƙ suna bayan ta z. Saboda haka, idan kwamfuta ta jera kalmomi bisa lambobin nan kawai, “ƙasa” za ta faɗo bayan “zuma”, mai nema kuma ya zaci babu ita. Maganin wannan shi ne a rubuta ƙa'idar jerantawa ta Hausa sau ɗaya, a sa ta cikin matakan ginin, tare da matakin tabbatar da cewa kowane fayil yana cikin tsarin UTF-8. Daga nan, ko wane ne ya gina shafin, ko da ba ya jin Hausa, sakamakon ɗaya ne.

4.0 Kammalawa

Sai dai manhajar tana da iyaka. Ba za ta gane cewa “kafa” aka buga a gurbin “ƙafa” ba, tunda dukkansu kalmomi ne ingantattu. Maimaita aiki ba gajiya nata ne, amma tantance ma'ana yana wuyan masanin harshe. Don haka ya kamata a sa shi cikin aikin tun ranar da za a rubuta dokokin, ba bayan an gama gini ba.