Idan Kun Ƙaura Zuwa Ngawundere: Yadda Za Ku Kula Da Lafiyar Iyali

'Yan'uwa, wannan ɗan littafi naku ne, ku da kuka baro Garwa ko Marwa ko ƙauyukan bakin Binuwai kuka zo zama a Ngawundere. Tsakanin Garwa da nan bai kai kilomita 300 ba, tafiyar yini ɗaya ce. Amma da mota ta hau dutsen nan mai kwane-kwane bayan Mbe, kun shiga wata ƙasa dabam. Garwa tana cikin kwari, Ngawundere kuwa tana kan tudu, wajen mita 1,100 sama da teku. Iska dabam, ruwan sama dabam, abinci dabam. Jikin babba yakan saba cikin 'yan watanni. Jikin jariri da na tsoho sai an taimaka musu.

Mu fara da sanyi, don shi ne yake fara kama baƙo. A Garwa zafin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, mutane su kwana a tsakar gida. A nan, da asubahin Disamba da Janairu sanyi yakan sauko kusa da digiri 10. Da damina ma iska tana da laima, ɗaki ba ya bushewa da wuri. Kada ku shimfiɗa wa yaro tabarma a kan siminti ko ƙasa tsirara. Ku sa katifa, ko buhu da bargo a ƙarƙashi. Jariri ya kwana da hula da safa. Wanka kuma a bari sai rana ta ɗaga, da ruwan ɗumi, a goge shi nan da nan.

Sanyi kaɗai ba ya kawo ciwon haƙarƙari, ƙwayar cuta ce take kawo shi. Amma lokacin sanyi mutane suna cunkushewa a ɗaki ɗaya, ga hayaƙin itace, sai cutar ta sami hanya. In yaro yana tari, ku ɗaga rigarsa ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya lokacin da yake kwance shiru. Daga wata 2 zuwa shekara 1, numfashi 50 ko fiye ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sa'ad da yake jan iska, ko ya ƙi nono, ku kawo shi asibiti a ranar, ko da dare ne.

Akwai abin da nake roƙonku da babbar murya: kada ku shiga da kaskon garwashi ɗaki ku rufe ƙofa da taga ku kwanta. Gawayi yana fitar da wata iska wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Tana sa ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, mutum ya wuce cikin barcinsa. Ku ji ɗumi a waje, a kashe wutar, sa'an nan a shiga.

Wasu suna cewa tun da garin yana da sanyi, sauro ba shi da ƙarfi. Ba haka ba ne. Damina a nan takan fara tun Afrilu ta kai Oktoba, wajen wata 7, ruwan kuma ya fi na Garwa yawa. Saboda haka lokacin zazzaɓin cizon sauro ya fi tsawo. A jihar Arewa da ta Arewa Mai Nisa kun saba ma'aikata su bi gida gida da damina suna ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi kowane wata. Kada ku zauna kuna jiran su a nan. Ku tambayi ɗakin shan magani na unguwarku abin da ake yi. Gidan sauro dai a rataye shi tun daren farko, kafin a kwance sauran kaya. Zazzaɓi kuma a gwada jini kafin a sha magani.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wato masu shan magani na dogon lokaci. Mai tarin fuka yana shan magani wata 6. Bayan wata 2 yakan ji sauƙi, ƙaura ta zo, ya ce ai ya warke. Cutar tana nan, kuma idan ta dawo takan ƙi jin maganin farko. Haka mai shan maganin sida, da mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai farfaɗiya. Kafin ku tashi, ku je inda kuke karɓar magani ku ce za ku ƙaura. Za su rubuta muku takardar sauya asibiti, su ba ku abin da zai ishe ku hanya. In kun riga kun iso ba takarda, ku zo da kwalin maganin ko da babu kome ciki, sunan da yake jiki ya ishe mu farawa. Maganin tarin fuka da na sida kyauta ne a nan kamar yadda yake a can, kuma abin da kuka gaya wa ma'aikacin lafiya asiri ne.

Karnen rigakafin yara ku ajiye shi cikin leda tare da takardar haihuwa. Allurar da aka fara a Garwa ba a sake ta daga farko, ana ci gaba ne daga inda aka tsaya: mako 6, mako 10, mako 14, wata 9. Mai ciki ta zo awo cikin makon da ta iso, ta san ungozoma, ta san hanyar asibiti da rana kafin naƙuda ta kama ta da dare.

Abinci kuma, dawa tana da tsada a nan, masara da rogo da doya da dankali su ne a kasuwa. Tuwon rogo yana cika ciki amma ba ya gina jikin yaro, sai an haɗa da wake, gyaɗa, ƙwai, kifi ko nono, ga shi kuwa ƙasar shanu ce. Rogo mai ɗaci yana da guba: a ɓare, a jiƙa kwana 3 zuwa 5, a shanya ya bushe sarai. Maƙwabciya Mbum ko Gbaya za ta nuna miki, su ne gwanaye. Ruwan rijiyar da ba ku sani ba, a tafasa shi, musamman bayan ruwan farko.

Sai kewar gida. Uwargida da ta bar mahaifiyarta da ƙannenta takan yini ita kaɗai a gidan haya a Balaji ko Sabongari, barci ya ƙi, abinci ya fita ranta. Makonnin farko wannan ba abin mamaki ba ne. Ku je ku gai da jauro, wato mai unguwa. Ku gabatar da kanku a majami'a ko masallaci, mata su shiga zumuntar mata ko adashi. Fulatanci shi ne harshen kasuwa kamar a Garwa. Wanda bai iya ba ya fara da "jam na" da "useko". Maigida kuma ya lura: in baƙin cikin ya wuce wata guda, tana kuka ba dalili, ta daina kula da kanta ko da jariri, ya rako ta asibiti, domin wannan ma ciwo ne da ake jiyyarsa. A zo da karnenta da duk maganin da take sha.