Abin da Ke Riƙe Wuƙar Aljihu

Wuƙar da muka gada tana da kube. Wuƙar aljihu kuwa ƙotarta ita ce kubenta. Ƙusa guda ce ta haɗa ruwan wuƙar da ƙota, a kanta yake juyawa. To, abin da ya juya ya buɗe yana iya juyawa ya rufe, ga kuwa yatsun mai ita a kan hanya. Don haka maƙera suka nemi dabarar riƙe shi.

Dabara ta fari ita ce wani siririn ƙarfe a bayan ƙota, mai lanƙwasawa ya koma, wanda ake kira sifirin. Shi ke danne gindin ruwan. Wannan ba kulle ba ne, dannewa ce kawai. Ta isa feƙe fensir ko fere rake. Amma in mutum ya soki itace da tsininta, sai ta naɗe ta kama masa yatsa.

Ta biyu ta fi, kuma aikinta irin na sakata ne. An yi gurbi a gindin ruwan, an yi haƙori a bakin ƙarfen bayan. Da ruwan ya miƙe sai haƙori ya faɗa gurbi, mu ji ƙas! Shi ke nan, ta kulle. Ƙarfen nan yana bisa ƙusa a tsakiyarsa, kamar sikeli. In muka danna wutsiyarsa, kansa ya ɗaga, haƙori ya fita, wuƙa ta naɗe.

Wuƙar Okapi danginta ce. A Jamus aka fara ƙera ta a 1902 don kasuwannin Afirka, a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Ita zobe gare ta a baya, shi ake ja ya ɗaga sifirin.

A Faransa kuma, a 1955, masu wuƙar Opinel suka sa zobe mai tsaga a wuyan ƙota. Ruwan ya bi ta tsagar ya miƙe, a murɗa zobe ya tare masa hanya. Mu dai ba mu ga dabarar da ta fi wannan sauƙi ba.

Sai mu lura da gurbin nan. Ƙasa da zaren aljihu sukan cika shi, haƙori ya kasa zama sosai, mai wuƙa yana tsammanin ta kulle. A tone shi da tsinke, a ɗiga ɗan mai. Kafin aiki, a kawar da yatsu daga hanyar kaifi, a danna bayan ruwan a hankali. In ya motsa, kada a yi aiki mai ƙarfi da ita.