Makamai ko asibiti: yadda Chadi ta raba gari da Bankin Duniya kan kuɗin soja

Duk lokacin da kasafin kuɗi ya zo gaban majalisa a ƙasashen Sahel, gardama ɗaya ce ke tasowa: a ƙara wa soja kuɗi, ko a zuba su a makarantu da asibitoci? Chadi ta taɓa yin wannan gardama a bainar jama'a, kuma da Bankin Duniya ta yi ta.

Kafin bankin ya sa hannu a aikin bututun mai mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kribi a Kamaru, sai da Chadi ta kafa doka a 1999. Dokar ta keɓe kashi 10 cikin 100 na kuɗin man ga 'yan baya, mafi yawan sauran kuma ga ilimi, lafiya, hanyoyi da raya karkara. Babu soja a jerin.

Mai ya fara gudu a 2003. A watan Disambar 2005, yayin da tawaye ke ƙarfi a iyakar Sudan, gwamnatin Idriss Déby ta sauya dokar: ta soke asusun 'yan baya, ta saka tsaro cikin fannonin da za a fifita. Bankin ya dakatar da rance a Janairun 2006.

Hujjar gwamnati ba ta da wuyar ganewa: sai da ƙasa ake gina asibiti. 'Yan tawaye sun shiga Njamena a Afrilun 2006, sun sake shiga a Fabrairun 2008 har suka kewaye fadar shugaban ƙasa, kuma sau biyun an kore su. Masu suka sun ce makaman kujerar mulki suka tsare, talaka kuwa bai gani a ƙasa ba. Har yau Chadi na sahun ƙarshe a ma'aunin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, duk da sojan da ake ji da shi a yankin. A Satumbar 2008 bankin ya janye daga yarjejeniyar.

Abin da gardamar kan manta shi ne wanda ke sa ido idan an ƙara kuɗin, domin cinikin makamai galibi a rufe ake yin sa da sunan sirrin tsaro. Maƙwabciyarta Nijar ta ga haka a 2020, lokacin da binciken kwangilolin ma'aikatar tsaro ya nuna cewa kimanin sefa biliyan 76 sun salwanta, ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya amma ba a kawo ba.