Halittar Teku Mai Idon Dutse Da Aka Kwaikwaya Wajen Ƙera Sabuwar Kyamara

Duk mai ɗaukar hoto da waya ya san wannan matsalar: idan kyamara ta kama fuskar da ke kusa, abin da ke nesa sai ya yi dishi-dishi. Wata halittar teku da ta ƙare tun kafin zuwan dinoso tana da idon da ke ganin kusa da nesa a lokaci guda. Sunanta tirilobayit.

Wace irin halitta ce?

Tirilobayit dangin ƙaguwa ce da kunama da fara, wato halittu masu ɓawo a waje da ƙafafu gaɓa-gaɓa. Masana sun ce ta bayyana kimanin shekara miliyan 521 da suka wuce, ta ƙare wajen shekara miliyan 252. An gano ire-irenta sama da 20,000. Ma'anar sunan "mai kashi uku", domin bayanta ya rabu uku a tsaye: tudu a tsakiya, da ɓangare ɗaya a kowane gefe. Daga gaba zuwa baya ma uku ne: kai, ƙirji da wutsiya.

Daga cikin manyan rukunanta akwai Phacopida, wanda ya kasu zuwa Calymenina, Cheirurina da Phacopina. Na ƙarshen shi ne abin maganarmu. Yawancin 'yan wannan gida gaɓa 11 ne a ƙirjinsu, kuma da yawansu kan dunƙule kamar bushiya idan sun ji haɗari.

Sirrin yana ido

Ƙwayoyin ganin tirilobayit na kalsayit ne, ma'adinin da ke cikin dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato. Shi ya sa idon bai ruɓe ba har yau. Galibinsu suna da ƙananan ƙwayoyi a cunkushe ƙarƙashin murfi ɗaya, wani lokaci har dubbai. Su kuwa Phacopina ƙwayoyinsu manya ne, ba su cika wuce ɗaruruwa ba, kowace da murfinta da katangar da ta raba ta da maƙwabciyarta.

Wata daga cikinsu, Dalmanitina socialis, ƙwayar idonta tana tattara haske a wuri biyu. A 2022 masu bincike na cibiyar NIST ta Amurka da Jami'ar Nanjing ta Sin suka kwaikwayi wannan tsari, suka haɗa kyamarar gwaji da ke fito da abu tar daga nisan santimita 3 har kilomita 1.7 a hoto ɗaya. Manhaja mai ƙirƙirarriyar basira ce ke gyara abin da ke tsakani.

Ana samunta a wajenmu?

Kada ka wahalar da kanka a duwatsun Kazaure da Roni. Sun girmi tirilobayit, kuma zafi da matsi na ƙarƙashin ƙasa sun sauya su. Duwatsun Sakkwato masu burbushin halittun teku kuwa sun samu ne bayan ta daɗe da ƙarewa. Inda ta yi suna a Afirka shi ne Maroko, musamman yankin Alnif.

Idan ka ga ana tallarta a intanet, ka yi hattara, domin akwai jabu da ake zubawa da roba. Ka nemi hoton ido na kusa ka zuƙo shi: a ta gaske ƙwayoyin sun jeru layi-layi, jabu kuma sau da yawa idon a shafe yake, ga ƙananan ramukan kumfa a jiki.