Wa Ke Riƙe da Makarantar Unguwarku?

Idan iska ta yaye kwanon wani aji, ko malamin lissafi ya yi mako biyu bai leƙo ba, ofishin hedimasta iyaye kan nufa, don shi suka sani. Sai dai hedimasta ba shi ya ɗauki malamin aiki ba, ba shi ke biyansa albashi ba, kuma sau da yawa babu kuɗin sayen kwano ko bandir ɗaya a hannunsa. Makarantar firamare ta gwamnati a Najeriya tana ƙarƙashin hukumomi ne hawa-hawa, kowace da hurumin da doka ta yanka mata. Wanda bai san wannan tsari ba zai yi ta kai ƙara inda ba a iya share masa hawaye, har ya gaji ya haƙura.

Tarihi ne ya kawo mu nan. Makarantar allo ta jama'a ce tun asali: uba ne ke kai ɗansa hannun malam, shi ke ba da kuɗin Laraba, kuma idan bai gamsu ba ya ɗauke yaron ya kai wani wuri. Makarantar boko kuwa daga sama ta sauko. A 1909 ne Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, daga baya En'e ta riƙa gina makarantun elementare, ana ɗora wa hakimai da dagatai nauyin kawo yara, har wasu iyayen na ɓoye nasu. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, yara suka kwararo fiye da yadda aka yi tanadi, gwamnati kuma ta ɗauki kusan komai a wuyanta. Daga nan tunanin cewa makaranta kayan gwamnati ce ya zauna daram a zukatan mutane. Da kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980, albashin malamai ya riƙa maƙalewa, gine-gine suka lalace, kuma babu wani a unguwa da yake ganin gyaran ya rataya a kansa.

Tsarin da ake bi yanzu ya samo asali ne daga shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, wanda Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta ce karatun shekara tara, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Ita ce ta shimfiɗa hawa ukun da ke saman hedimasta.

Hawa na sama ita ce hukumar UBEC da ke Abuja. Ba ita ke tafiyar da makarantar unguwarku ba. Aikinta shi ne tsara ƙa'idoji da raba kuɗi. Doka ta ware mata kashi 2 cikin ɗari na babban asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya, kuma wani kaso mai tsoka na wannan kuɗi ana ba jihohi ne bisa sharaɗi guda: sai jiha ta ajiye nata kwatankwacin abin da za a ba ta, sannan ta ɗauka. Hikimar ita ce kada gwamnoni su naɗe hannu su bar wa tarayya ɗawainiyar. Illar kuma ita ce, idan jiha ta ƙi sa nata, kuɗin yana nan zube a Abuja. An sha samun biliyoyin naira a ajiye ta wannan hanya, alhali yara na zaune a ƙasa suna ɗaukar darasi.

Hawa na biyu ita ce SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanta da mambobinta. Nan ne ainihin ƙarfin yake. Ita ke rubuta jerin ayyukan da za a yi da kuɗin UBEC, ita ke ba da kwangilar gina azuzuwa da sayen benci, kuma a yawancin jihohi ta hannunta ake ɗaukar malamai, a ƙara musu girma, a biya su. Kuɗin albashin malaman firamare galibi daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, abin da ya sa duk wata taƙaddama kan kuɗin ƙananan hukumomi takan taɓa aljihun malami kai tsaye. A ƙarƙashin SUBEB kuma akwai hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, wadda sakataren ilimi ke jagoranta. Shi ne mafi kusa da makaranta. Ofishinsa ke tura malami nan ko can, shi ke aiko masu duba aiki, kuma shi ne ke fara karɓar rahoton hedimasta.

Abin lura shi ne, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da iyaye suka zaɓa. Naɗa su ake yi, saboda haka idonsu na kan wanda ya naɗa su. A nan tsarinmu ya bambanta da na Amurka, inda aka kasa ƙasar zuwa gundumomin makarantu kimanin 13,000, kuma a mafi yawansu mazauna gunduma ne ke kaɗa ƙuri'a su zaɓi mambobin hukumar makarantu. Wannan hukuma ita ke ɗaukar babban jami'in da zai shugabanci makarantun gundumar, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, wanda wani babban kaso nasa daga harajin gidaje da filayen mutanen wurin yake fitowa. Zamanta a buɗe yake, ana kuma ware lokacin da kowane mazauni zai tashi ya faɗi abin da ke ransa. Tsarin yana da nasa raunin, don mutane kaɗan ne ke fitowa zaɓen, kuma gundumar masu kuɗi takan fi ta talakawa makarantu masu kyau. Amma ya nuna abin da ke faruwa idan mai riƙe da kuɗin makaranta yana tsoron ƙuri'ar iyaye.

Wannan giɓi na rashin muryar iyaye ne aka so a cike a Najeriya a wajajen 2006, lokacin da Majalisar Ilimi ta Ƙasa, wadda ke haɗa ministan ilimi da kwamishinonin jihohi, ta amince a kafa kwamitin jama'a mai kula da makaranta a kowace firamare da ƙaramar sakandare. Shi ne ake kira SBMC. Yawan mambobinsa ya danganta da ƙa'idar kowace jiha, amma galibi mutum goma sha wani abu ne: hedimasta, wanda yawanci shi ne sakatare, da wakilin malamai, da wakilin mai unguwa ko dagaci, da malamin addini, da wakilan mata, da na matasa, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'ar hannu irin su kafinta da birkila, da wakilan iyaye, har da ɗalibai biyu, namiji da mace. Shugaban kwamiti daga cikin jama'ar gari ake fitar da shi, kuma babu mai karɓar albashi.

Mutane da yawa kan ɗauka kwamitin nan shi ne ƙungiyar iyaye da malamai, wato PTA. Ba ɗaya ba ne. Ƙungiyar iyaye da malamai ta waɗanda ke da yara a makarantar ce, kuma an fi saninta da tara gudummawa. Kwamitin kuwa na gari ne baki ɗaya, har da wanda ɗansa bai taɓa shiga aji ba, kuma gwamnati ce ta kafa shi ta ba shi aiki.

Aikin ya fara ne da abin da ake kira tsarin ci gaban makaranta. Kwamiti zai zagaya ya ga halin da ake ciki: yara nawa ne a rajista, nawa ke zuwa kullum, aji nawa ke yoyo, akwai ruwan sha, akwai makewayi na 'yan mata daban. Sai ya zauna da jama'a a jera matsalolin, a ware wanda gari zai iya da kansa da wanda sai hukuma. Gyaran ƙofa, sayen alli, lallashin uban da ya cire 'yarsa ya ɗora mata talla, duk waɗannan na gari ne. Ƙarin malamai da sabon gini na hukuma ne, kuma aikin kwamiti a nan shi ne ya rubuta, ya kai ofishin sakataren ilimi, ya yi ta bibiya. Idan kuma tallafi ya zo kai tsaye, asusun kwamiti yake shiga, a kashe shi bisa tsarin da aka rubuta. Shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, ya kuma fara a jihohin Borno, Ekiti, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi da Filato, ta hannun irin waɗannan kwamitoci yake ba makarantu kuɗin gyare-gyare.

Kwamiti ba ya ɗaukar malamin gwamnati, ba ya korarsa, ba ya sauya manhaja. Abin da yake da shi shi ne ido da baki. Mai duba makarantu daga ƙaramar hukuma wataƙila sau ɗaya ko biyu zai zo a zango, mutumin unguwa kuwa kullum yana ganin wanda ya zo da wanda bai zo ba.

To yana aiki? Amsar tana da fuska biyu. A shekarun farko, kwamitoci da dama a takarda kawai suke: hedimasta ya rubuta sunayen waɗanda ya ga dama ya aika sama, wasu ma ba su san an sa su ba. Shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017 a jihohin Jigawa, Kano, Kaduna, Kwara, Legas da Enugu, ya sa ƙarfi sosai wajen horar da mambobi da kai musu ziyara a kai a kai, har ya sa aka kafa ƙananan kwamitocin mata da na yara, saboda an lura cewa a gaban dagaci da liman, mace ko yarinya ba ta cika buɗe baki ba. Darasin da ya fito shi ne umarni daga sama ba ya raya kwamiti, sai an koya wa mutane aikin an kuma tsaya musu.

Jamhuriyar Nijar ta bi irin wannan hanya da kwamitocinta na COGES, waɗanda daga baya aka sauya wa suna zuwa CGDES, kuma akwai abin koyi biyu a can. Na farko, wani shiri da ƙasar Japan ta tallafa, wanda ya fara a jihar Tawa a 2004, ya dage cewa a zaɓi shugabannin kwamiti ta hanyar ƙuri'ar sirri a taron gari. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san zaman ƙauye: idan aka ce a ɗaga hannu, babu mai iya ƙin ɗan sarki a gaban jama'a. Na biyu, wani bincike da aka yi a makarantu kimanin dubu a jihohin Tawa da Damagaram ya ba rabin kwamitocin kuɗi a hannu, aka bar rabi don a gwada. Inda aka ba da kuɗin, iyaye sun ƙara shiga harkar makaranta, an yi gyare-gyare, amma sakamakon jarrabawar yara bai ɗaga ba a tsawon lokacin binciken, kuma zuwan malamai aiki bai gyaru ba. Iyayen da ba su yi boko ba sun iya gane katangar da ta tsage, amma da wuya su iya tuhumar malami kan abin da yake koyarwa.

A ganina wannan shi ne wurin da ya kamata a fi mai da hankali. Kwamitocinmu sun fi sabawa da siminti da fenti, don su ne ake gani. Amma makaranta tana iya yin kyau daga waje alhali ɗan aji huɗu ba ya iya karanta layi ɗaya na Hausa. Gwada wannan ba ya buƙatar digiri. A ba yaro ɗan gajeren labari ya karanta da ƙarfi, a ba shi lissafin haɗawa da ɗebewa. Tsohon ɗalibi ɗaya a kwamiti zai iya yi wa yara ashirin wannan gwaji da hantsi guda, ya kawo sakamakon gaban taro. Daga ranar da gari ya ji adadin 'ya'yansa da ba su iya karatu ba, zancen taron zai sauya.

Uba ko uwar da ke son shiga ba sai an zaɓe su mamba ba. Mafarin shi ne a je wurin hedimasta cikin girmamawa a tambayi sunan shugaban kwamiti da ranar zama na gaba. A nemi ganin tsarin ci gaban makaranta na bana. Idan an taɓa samun tallafi, a nemi a karanta yadda aka kashe shi a gaban jama'a, a kuma manna shi a bango. Ƙorafi idan zai tafi ƙaramar hukuma, ya tafi a rubuce, da kwanan wata da sa hannun kwamiti, a riƙe kwafi, domin takarda ba ta ɓacewa kamar maganar baki. Iyaye mata da ba sa samun halartar taron maza suna iya haɗuwa a ƙungiyar iyaye mata su aiko da wakiliya, kuma su ne suka fi kowa sanin dalilin da ya sa yarinya ta daina zuwa. Yana da kyau kuma a san abin da dokar 2004 ta ce ta ɓangarorin biyu: ta haramta karɓar kuɗin makaranta a wannan mataki, da tarar da za ta iya kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku, ta kuma tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa, wanda ke farawa da gargaɗi kafin a kai ga tara.

Idan kuwa aka bincika aka tarar kwamitin makarantarku suna ne kawai a fayil, hanyar gyara a buɗe take. Ku haɗu ku je wurin mai unguwa da hedimasta, ku nemi a kira taron gari a sake zaɓe a bainar jama'a, ku kuma sanar da ofishin sakataren ilimi ranar da aka sa, don ya turo wakili ya shaida.