Daga Gonar Alkama Zuwa Tanderu

Jama'a, yau zancenmu a kan gurasa ya ke, domin akwai abin da ya kamata manoman rani su duba. Mutum ya sha wahalar ban ruwa wata uku, alkama ta nuna, ya kwashe ta duka ya sayar da araha a kakarta, sa'an nan ya koma kanti ya sayi fulawa da tsada. Da ya ajiye ko buhu ɗaya, da iyalinsa sun ci gurasa ta gida, har su sayar da saura.

Gurasa ta zo mana ne ta hannun fataken Larabawa na Tarabulus da Gadamas, zamanin da ayarin raƙuma ke sauka Katsina da Kano. Sunan ma daga Larabci ya ke, ma'anarsa abu mai faɗi kewayayye. A Kano ta fi kafuwa, musamman wajen Jakara. 'Yar'uwarta ita ce burodin nan mai aljihu na mutanen Sham da Masar.

Me ya sa gero da dawa ba su yin gurasa? Dalili shi ne garin alkama na da wani danƙo wanda su ba su da shi. In an kwaɓa shi da yis, iska ta kan taso cikin kwaɓin, danƙon ya riƙe ta, shi ya sa ya ke kumbura.

To, alkama 'yar sanyi ce. Mai noma a fadama, ko a gindin madatsun ruwa irin na Jibiya da Zobe da Ajiwa, ya yi shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, iri kamar kilo 100 ga hekta ɗaya. Wanda ya yi jinkiri har Janairu, zafin Maris zai tarar da ita tana ɗaukar ido, ƙwayar ta motse, garin ya yi kaɗan. Bayan girbi a shanya ta sosai, sai ƙwaya ta yi ƙas a haƙori kafin a ɗura a buhu. Kada a niƙa da yawa gaba ɗaya, gama garin gida akwai mai cikinsa, in ya daɗe ya kan yi ɗaci. Na mako biyu ya isa.

Ga yadda a ke yi. A wanke alkama, a tsince tsakuwa, ta bushe, a kai inji, a tankaɗe. Ga gari kilo 1 a sa yis ƙaramin cokali 2, gishiri ƙaramin cokali 1, sukari babban cokali 1. A zuba ruwa mai ɗumi kaɗan kaɗan, kimanin kofi 3. Kada ya yi zafi, don ruwan zafi ya kan kashe yis. A buga kwaɓin ƙwarai har ya yi laushi yana bin hannu, a rufe, a ajiye wuri mai ɗumi kamar sa'a ɗaya, ya ninka. Da hunturu ya kan ɗara haka.

Sa'an nan a hura wuta cikin tanderu da kara ko itace, a bari hayaƙi ya ƙare, garwashi ya kwanta. A jiƙa hannu, a ɗebi kwaɓi, a faɗaɗa a tafi, mai so ya barbaɗa riɗi, a manna a cikin bangon tanderu. Minti 2 zuwa 3 ta gasu. Zafi shi ne asirin abin, domin shi ke mai da ruwan kwaɓin tururi nan da nan ya buɗa cikinta. Wuta maras ƙarfi busar da ita ta ke yi kawai. Wadda ba ta da tanderu ta yi da kasko mai kauri, ta rufe.

In ta sauko a lulluɓe da tsumma mai tsabta don kada ta ƙame. A ci da miyar taushe ko tsire, ko a yi bandashe da garin ƙuli da mai da albasa.

Saboda haka, manomi, kafin ka kai alkamarka kasuwa bana, ka fara auna na gida. Allah ya sa mu ga kaka lafiya, amin.